Muryar Kaka a Gonar Baffa

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Baba ta zo bayan an gama girbin gero.

Ina zaune a tsakar gidanmu na Birnin Kudu cikin mata, ina jin abin da masu gaisuwa ke faɗa a kansa, har na fara tunanin ko wani mamacin daban suka zo yi wa ta'aziyya. Wata ta ce mutum ne mai sanyin hali. Wata ta ce ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba, wannan kam gaskiya ce, amma ba don sanyin hali ba. Maƙwabciyarmu ita ta fi kowa nanata cewa Malam ba shi da riƙo, alhali mijinta ya taɓa aron lasifikarsa ya dawo da ita a fashe ya ce haka ya karɓa, kuma tun daga ranar Baba bai sake sayen ko ashana a shagonsa ba. Na sunkuyar da kai ina cewa amin.

Wata tsohuwa daga Farin Dutse ba ta ce komai a kan halinsa ba. Ta ja jiki ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna, ta daɗe tana kuka a hankali, sannan ta tashi ta tafi neman mota.

A waje kuwa, ƙanena ya ba ni labari, tsofaffin abokan aikinsa sun zo daga Kano. Ɗayansu ya ɗaga kai ya dubi lasifikar masallacin unguwa, wadda aka yi sanarwar rasuwar da ita tana kakari, ya ce da mamaci na tashi, da yanzu yana kan tsani yana kwance ta. Aka yi dariyar da ba a so yi ba. A kan tabarmar gaba, inda ake miƙa hannu, Baffa ne zaune, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, yana amsar gaisuwa kamar yadda ya kamata.

Na ce zan rubuta wannan ne domin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana farautar na'urar da ke ƙara wa murya abin da babu a cikinta, bai dace a yi masa ƙari ba don ya mutu. Baba yana da riƙo. Ni 'yarsa ce ta fari, na sani.

Ya yi aiki a wani gidan rediyo a Kano, ba cikin masu magana ba, cikin waɗanda ke zama bayan gilashi suna murɗa maɓallai. Da ya yi ritaya ya dawo Birnin Kudu, ya mai da ɗakin da ke jikin zaure wurin aikinsa. Duk inda ya shiga, sai ya ɗan tsaya ya karkata kai kafin ya zauna, kamar mai jiran a kira shi. Yana iya barin wurin ɗaurin aure tun ba a shafa fatiha ba in makirufo na ihu. Ba ya son a naɗe waya a gwiwar hannu. Tambayarsa a kan kowace na'ura guda biyu ce: me ta ƙara, me ta cinye? Mu ma da muke yara, in ya aike mu muka dawo da amsa, haka yake tsare mu: "Haka ya ce, ko haka kika ji daɗin faɗa?"

Tun da aka bar kaset, duk muryar da za ta shiga kwamfuta ko wayar hannu sai ta bi ta wata na'ura mai juya sauti ya koma lambobi, in za a saurara kuma a sake juya lambobin su koma sauti. Baba bai yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba sai ya gwada ta. Gwajin nasa yana kiransa kai-komo. Zai ɗauki guntuwar waya ya haɗa bakin da sauti ke fita da bakin da sauti ke shiga, ya saki wata murya da ya sani sarai, ta fita ta zagayo ta dawo cikin kwamfuta. Daga nan sai ya jera ta asalin da wadda ta dawo, ya daidaita farkonsu da ƙarfinsu, ya kife ɗaya a kan ɗaya, yadda duk inda suka yi daidai za su kashe juna. Abin da ya rage, shi ne ɓarnar na'urar. In ta kirki ce, shiru za ka ji, sai ɗan huci can ƙasa in ka ƙure ƙarar. In kuma yana shakka, sai ya mayar da wadda ta dawo ta sake zagayawa, ya yi ta maimaitawa har ƙaramin aibi ya girma ya fito fili.

Da kunnensa na hagu ya fara nauyi, sai ya ƙara dogara da wannan gwajin. Yakan ce kunne na tsufa, yana kuma son kai, amma ragowar da ke fitowa a fuskar kwamfuta ba ta san shekarun kowa ba.

Tsohuwar nan ta Farin Dutse, abin da ya haɗa su ke nan. Mijinta ya tafi Makka tun tana da ƙuruciya, ya zauna can, ya riƙa aiko mata da saƙo a kaset har ya rasu. Guda ɗaya ya rage mata, shi ma zarensa ya tsinke ya cukurkuɗe. Ta kawo shi ƙulle a bakin zane. Baba ya warware shi da tsinke da ɗan yatsa, ya lilliƙa, ya juye mata da na'urar da ya fi amincewa da ita. Ya ba ta kujerarsa, wadda ko mu ba ma zama a kai, ya kunna, ya fita ya ja mata ƙofa. Yana tsaye a rana har ta gama. Da ta fito ta fara godiya sai ya ce, "Inna, riƙe kaset ɗinki da kyau. Abin da na ba ki hotonsa ne kawai."

Akwai kaset ɗin da ya fi kowane daraja a wurinsa, shi ne na Kaka, mahaifiyarsu. Shi ya ɗauke ta da kansa da rikodarsa ta farko, a gidan gado da ke Zandam. Tana niƙa a dutse tana waƙa, tana tsayawa ta yi wa wani faɗa, ta yi dariya, ta lissafo iyayenta da inda suka taso. Ina ciki ni ma. Lokacin ina rarrafe, ana jin ta tana cewa a ɗauke yarinyar nan kada ta sa hannu a dutse, ta kira ni da wani suna da ita kaɗai ke kira na da shi. Ta ce a bar kaset ɗin a akwatinta, a ɗakinta, kuma bayan ta rasu aka bar shi nan, a hannun Baffa da ke zaune a gidan.

Baba bai juye shi ba. Kullum cewa yake bai sami na'urar da ta isa ta taɓa muryar uwarsa ba tukuna. Ya gwada wannan, ya gwada waccan, ya ajiye. Dangi suka yi ta tambaya har suka gaji.

Wata rana a wurin wani suna a Gwaram, 'yar gwaggonmu ta matso da wayarta tana murna, ta ce Kawu saurari wannan. Wata murya ta fito, siririya, tana tsatsa, da wani gunji a ƙarƙashinta kamar na injin niƙa daga nesa. Baba ya kara kunnensa mai kyau, ya saurara, ya ce, "Wace ce wannan?"

"Kaka ce mana. Baffa ya tura wa kowa."

Na karɓa na saurara. Waƙar ce, kalmomin ne, amma kaurin muryarta babu, dariyarta kuma in ta taso sai ta farfashe kamar ana yaga takarda. Na jira wurin da take kiran sunana. Gunjin ya rufe shi.

Washegari da safe muka hau mota, muka ƙarasa Zandam a kan babur. Aka ce Baffa yana gona. Gero ya yi kai, tsuntsaye sun dame shi, kuma tun daga nesa na hango wani abu yana walƙiya a saman zangarniya. Da muka matso sai na ga zaren kaset ne, an ja shi daga sanda zuwa sanda, iska na kaɗa shi yana kyalli don ya kori tsuntsu. Baba ya tsaya cak.

"Ina kaset ɗin Inna?"

Baffa ya ajiye gorarsa. "Yaya, sannu da zuwa. Ai na juye shi, yana wayar kowa yanzu. Na sayi wata 'yar na'ura a kasuwa, yaro ya nuna mini yadda ake yi."

"Ina kaset ɗin?"

Baffa ya nuna gonar da haɓa. "Da shi da sauran tsofaffin da ke akwatin. Me za a yi da kwanko bayan an kwashe abin ciki?"

"Abin da ka kwasa ba muryarta ba ce."

"Shekara da shekaru kana cewa sai ka sami na'urar kirki. Ƙanwar Inna ta mutu ba ta sake jin muryar 'yar'uwarta ba, kana can kana aune-aune. Ni na yi abin da ka kasa."

Wannan maganar tana da gaskiya a cikinta, kuma na ga ta shige shi. Da Baffa ya tsaya nan, ina jin da abin bai kai inda ya kai ba. Amma akwai 'yan ƙwadago a gefe suna saurare, sai ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Muryarta ce, Yaya. Kunnenka ne. Kowa ya san ka kurumce, kai kaɗai ne ba ka ji labari ba."

Baba ya tuɓe takalmi ya shiga cikin geron, ya fara kwance zaren daga sanduna yana naɗewa a hannu. Na bi shi ina tayawa. Rana da ruwan sama sun riga sun ci fuskar zaren, yana barin jan ƙasa-ƙasa a yatsunmu. Da za mu tafi ya ce a ba shi na'urar. Baffa ya aika aka ɗauko, ba ta fi kwalin ashana ba, ya ce, "Ɗauka ka gwada har ka gaji."

Baba ya daɗe yana liƙa zaren nan gaɓa-gaɓa, ba tare da ya san wanne ne na Kaka wanne ne na wa'azi ko na kiɗa ba. Abin da ya samu a ƙarshe shi ne ƙarar dutsen niƙa na ɗan lokaci, da tari guda. Ya ajiye wannan ɗin.

Sannan ya juya kan na'urar Baffa. Ya ce mini kai-komo mutum biyu yake kamawa lokaci guda, mai fitarwa da mai shigarwa, don haka ba zai ɗora mata laifin wani ba. Ya fitar da sautin ta na'urarsa da ya riga ya tabbatar da ita, ya shigar ta ta Baffa. Muryata ya ɗauka, ina karanta wani shafi na littafin makaranta. Ya kife ta asalin a kan wadda ta dawo, ya miƙo mini abin sawa a kunne ya ce, "Naki kunnen lafiya lau yake. Faɗa mini abin da ya rage."

Ba shiru na ji ba. Kaina na ji, ina magana daga cikin gunji, kowace kalma ana gane ta. Abin da na'urar ta cinye ya isa ya zama mutum guda.

Da sallah ya ɗauki kwamfutarsa har Zandam, ya buɗe a zaure gaban dangi, ya nuna layin asali da layin ragowa, ya kunna musu. Baffa ya leƙa ya ce shi bai iya karatun zane ba, in an gama a zo a ci tuwo. Aka tashi aka bar Baba da kwamfutarsa. Ya naɗe wayoyinsa a hankali, yadda ya saba. Daga ranar suna gaisawa in sun haɗu, suna tsayawa sahu ɗaya a jana'iza, amma bai sake cin abinci a gidan ba.

Baffa yana da ɗa namiji babba, magidanci, mai shagon taki da iri a Gwaram. Baba na son sa ƙwarai, rigimar ba ta shafe shi ba. Ya taɓa zuwa a ɗaukar masa tallar shagonsa da za a riƙa sawa a lasifika ranar kasuwa. Tallar gajeriya ce, amma ya kasa yin ta, da ya fara sai dariya ta kama shi. Baba kuwa ba ya tsai da rikoda in ya kunna. Haka aka ɗauki hirarsu duka: yana tsokanar kansa, yana ba da labarin yadda mahaifiyarsa ke ɓoye masa ƙanzo har yanzu kamar yaro, yana kwaikwayon yadda Baffa ke ciniki.

Wata rana babur ɗin yaron ya haɗu da mota a hanyar Basirka. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Baba ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, kuma ranar ce kaɗai na ga hawayensa.

Bayan an share makoki, Baffa ya kira ni gefe. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ce abin da suke da shi na muryar yaron gajerun gaisuwa ne a waya, ya ji an ce akwai wata doguwa a wurin Yaya. "Ki ce masa ina roƙo." Na kai saƙon yadda aka ba ni. Baba ya ce zai kai da kansa. Ina tsaye ya ja aljihun teburinsa ya ɗauko 'yar na'urar nan. Na gane abin da zai yi. Ban hana shi ba. Sunan da Kaka ke kira na da shi na tuna, wanda babu sauran mai furta shi yadda take yi.

A zauren Zandam ya miƙa wa Baffa memori. Baffa ya sa a rediyonsa. Muryar ta fito siririya, da gunjin nan a ƙasa. Da aka zo wurin dariya, ta farfashe. Baffa ya ƙara ƙara, ya rage, ya girgiza rediyon.

"Yaya, wannan ba muryarsa ba ce."

Baba ya ce, "Kunnenka ne."

Baffa ya ɗago ya dube shi.

"Ka ji tsoron Allah, Yaya. Ɗana ne."

"Da na'urarka na juye. Sau ɗaya, kamar yadda ka yi. Ban ƙara komai ba, ban rage ba." Ya ajiye masa ita a kan tabarma, ya sa takalminsa. "Tawa kuma uwa ce."

Dangi sun yi ta magana. Wasu suka ce abin da ya yi ko arne ba zai yi ba. Limamin unguwarmu ya zo ya zauna da shi, abokansa na Kano suka kira. Baba yakan saurara da kunnensa mai kyau, ya yi godiya, ya raka mutum bakin ƙofa. Ta asalin tana nan cikin kwamfutarsa, garau, kuma na sha tarar da shi da rana tsaka yana sauraron ta shi kaɗai, yana murmushi a wurin ƙanzon. Baffa bai sake roƙo ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure a kan kaset ɗin Kaka ba. Kowa ya ja daga.

Da ciwo ya kwantar da Baba, liman ya sake dawowa, wannan karon da Baffa a bayansa. Aka ce su yafi juna. Baffa ya ce ya yafe. Baba ya daɗe yana numfashi, sannan ya ce, "Abin da ya faɗa a kan kunnena na yafe masa. Na Inna ba ni ne mai yafewa ba." Liman ya ce to, Allah ya sa mu dace, ya shafa addu'a. Baba bai sake magana a kan wannan ba har ya cika, kuma bai bar mini wasiyya a kan muryar yaron ba, ko a bayar ko a hana.

Ana gobe za a watse daga zaman makoki, matar Baffa, wadda muke ce wa Iya, ta same ni a madafi. Mace ce mara yawan magana, tun da nake ban taɓa jin ta sa baki a rigimar ba. Ta ce, "Ni ban ɗaura kaset a gona ba."

Na ajiye ludayin.

Na kai ta ɗakin Baba, na ba ta kujerarsa, na kunna. Da ɗanta ya fara magana ta dafe ƙirji. Da ya yi dariya, cikakkiya, wadda ke farawa daga ciki kafin ta fito, ta miƙa hannu ta taɓa lasifikar. Na fita na ja mata ƙofa.

Da ta fito idanunta sun kumbura. Ta ce, "Ki sa mini a waya in tafi da shi."

Na ce, "Iya, ɗakin nan naki ne. Ki zo duk ranar da kike so, ko ba na nan yara za su buɗe miki. Amma ba zai bar nan ba. Duk mai son ji, ya shigo ya zauna a kujerar nan."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kin ɗauko ubanki."

Na ce, "Eh, Iya."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya haɗa shi da Kaka inda zai ji ta da kunne biyu. Waɗanda ya gyara wa kaset, da masallatan da ya hau tsaninsu, da tsohuwar Farin Dutse, su sa shi a addu'a.

Iya tana zuwa, yawanci ranar kasuwa. Baffa ne ke kawo ta a babur tun daga Zandam. Ba ya shigowa. Yakan kafe babur ɗin a ƙarƙashin bishiyar da ke tsallaken hanya, daidai tagar ɗakin, ya zauna a kai ya cire hula. Ƙofar zaure a buɗe take, ya sani, taku kaɗan ne tsakaninsa da ita. Ni kuma kafin in kunna, sai na rufe tagar.